Kawu Bai Taɓa Biyan Kuɗin Kwana Ba

Ranar addu'ar bakwai ɗin Kawu, kujerun roba da muka yo haya ba su ishe mu ba. Mun san mutanen unguwarmu Nima a nan Accra za su zo, da na Maamobi, da 'yan uwanmu na unguwar Malam, da tsofaffin direbobin tashar Circle waɗanda zaman makoki ba ya wuce su. Waɗanda ba mu sa a rai ba su ne baƙi. Tun da hantsi suka fara shigowa lungu ɗaya bayan ɗaya, da jaka a kafaɗa da gajiyar hanya a fuska, suna tambayar yara ina ne gidan Alhaji mai motar kwana.

Ina cikin rabon shinkafa na ji wata tsohuwar maƙwabciyarmu tana ce wa ta kusa da ita, da irin Hausarmu ta Zongo, "Allah ya ji ƙan shi. Mutum ne mai kirki, amma kuɗi in ya shiga hannun shi ba ya ganin rana kuma." Ta kusa da ita ta yi dariya cikin mayafi. Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar Kawu, ta ji su sarai. Ta kuma san ba ƙarya suka yi ba. Can ɓangaren maza ma direbobi suna ta ba da labarin rowarsa, kowa na ƙoƙarin ya fi ɗan uwansa, suna dariya suna share ido da bakin riga.

Baƙin kuwa da wata magana daban suka zo. Wata mai sayar da koko daga Kintampo ta riƙe hannun mahaifiyata tana kuka, ta ce shi ne ya gyara mata rufin rumfa lokacin da ba ta da mai hawa mata. Wani dattijo mai gadin kasuwar shanu ya taso tun daga Buipe, ya ce shi bai zo da komai ba, ya zo ne kawai ya ga ƙofar da mutumin nan yake fitowa. Akwai kuma wani Kirista, malamin coci daga wani ƙauye a hanyar Techiman. Ya ɗauro baƙin zane irin na makokin mutanensu, ya tsaya a bakin rumfa bai san inda ya dace ya zauna ba, sai da liman da kansa ya jawo masa kujera. Babban ɗan Kawu, wanda nake ce wa Yaya, ya zo daga Amurka bayan an riga an binne. Yana zaune yana karɓar gaisuwa daga mutanen da bai taɓa jin ko sunan garinsu ba.

Duk baƙon da ya gama gaisuwa sai ya waiwaya ya dubi lungu, sannan ya yi tambaya iri ɗaya: "Ina motar?"

Babu wanda ya ji daɗin amsawa a cikinmu.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Yaran gidanmu da suka taso yanzu ba su san kowa ba sai wani tsoho da ke zaune a ɗaki, yana faɗa idan an bar fanka tana juyawa ba kowa. Ina so su san wanda baƙin nan suka biyo doguwar hanya dominsa.

Kawu direba ne tun yana saurayi. Albasa yake ɗaukowa daga Bawku zuwa Accra, ko Ankara kamar yadda shi da tsararrakinsa ke cewa, ya koma da goro da gishiri. Da ƙarfi ya fara ja da baya ya ajiye babbar mota, kowa ya zaci zai samu benci a ƙofar masallaci ya zauna kamar sauran. Sai ya sayi wata tsohuwar trotro, ƙaramar bas ta haya da ta gama shan wahalar fasinja, ya kwance kujerun baya duka, ya sa kafinta ya buga masa gado da akwati a ƙarƙashinsa. Ya ɗaure duron ruwa a bayan kujerar direba, da ƙaramar tukunyar gas, da akwatin kayan gyara. Ya sa raga a tagogi saboda sauro. Matarsa, wadda duk muke ce wa Inna, ta yanka tsohon zanenta ta ɗinka labule. Ranar da aka gama, rabin lungu ya fito kallo ana dariya.

Daga nan duk shekara sai su ɗauki hanya, shi da Inna, su yi wata guda ko fiye suna zaga dangi da abokai har arewa, sannan su dawo. A duk tafiye-tafiyen nan bai taɓa kama ɗaki a masauki ba, bai kuma taɓa ba ɗan tasha kuɗin ajiye mota ta kwana ba. Da wannan yake alfahari, kamar yadda wasu ke alfahari da bene.

Idan aka tsokane shi yakan ce, "Ni da gadona na zo, da ruwana, da wutata. Ƙasa kuma ta Allah ce. To me zan saya?" Wani lokacin kuma ya ce, "Ka sauka gidan ɗan uwanka yana maka fara'a, amma 'ya'yansa ne za su kwana a tsakar gida. Ni inuwa kawai nake roƙa."

Ba zan wanke shi ba, tsumulmularsa gaskiya ce. In ya samu gangara sai ya kashe mota ya bar ta ta tafi da kanta. Ganyen shayi ba ya barin hannunsa sai ya daina ba da launi. Inna takan ce mini, "Kawunki ko kyauta aka ba shi abu, sai ya tambaya ko akwai ragi." Shi kuma ya ce, "Da akwai ai da na karɓa." Da wannan tsokanar suka tsufa tare.

Sau ɗaya na bi su, shekarar da mijina ya rasu. Na gama takaba amma na kasa fita. Shagona na ɗinki yana rufe, ni ina ɗakin mahaifiyata na juya wa ƙofa baya, duk wanda ya shigo ya ce in yi haƙuri sai in ji kamar in toshe kunne. Wata safiya Kawu ya shigo, ko dubana bai yi ba, ya ce wa mahaifiyata, "Ki ba ni aron 'yar nan. Gwiwar Inna ta ƙi, ba mai taya ta girki a hanya."

Mahaifiyata ta ce, "Alhaji, kana ganin halin da take ciki."

"Ina gani. Ta ɗauko zannuwanta da buta."

A wannan tafiyar na ga yadda yake yi, na kuma gane cewa kwana kyauta aiki ne. Ba ya tsayawa a babban gari. Kumasi ma ratsa ta muka yi, ya ce a can ko tsayawa ka yi gyara takalmi wani zai zo maka da tikiti. Ƙaramin gari yake nema, kuma ya isa kafin la'asar, don ya ce mutane ba sa sakin jiki da baƙon da ba su ga fuskarsa da rana ba. Sai ya ajiye mota nesa kaɗan da masallaci, ya taka da ƙafa, ya bi jam'i, ya gaisa da kowa. Ba ya roƙon komai. Zama yake ana hira, ya tambayi lafiyar gona, ya ambaci wani direba ɗan garin da suka taɓa aiki tare, har sai wani ya ce, "Alhaji, ina za ku sauka?" Sannan ya ce, "Da ɗakinmu muke tafe. Wurin da ba za mu tare wa kowa hanya ba kawai."

Ni da Inna muke kwana a gado, shi ya miƙe a kujerar gaba. Kafin masu wurin su fito da safe ya riga ya share inda muka tsaya, har da inda ba mu tsaya ba. Sannan ya ɗauko akwatin kayan gyara ya bi gari da ido: ƙofar masallaci da ke ƙara, famfon da ke ɗiga, injin niƙan da ya ƙi tashi. Ba ya kuma daɗewa. Ana cewa ku ƙara kwana yake tayar da mota.

Ba kullum dabarar ke ci ba. Wata rana taya ta ɓata mana lokaci, muka shiga wani gari gab da magariba, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Masallacin garin a tsakiyar kasuwa yake, ba shi da fili. Tasha ce kaɗai ke da wuri, mai tsaronta kuma ya ce sai an biya. Kuɗin bai kai na kwanon shinkafa ba. Kawu ya yi masa Hausa, ya yi masa yaren Twi, ya ambaci tsofaffin shugabannin tashar da ya sani, mutumin ya ce shi dai haka aka umarce shi. Inna tana baya tana matsa gwiwa. Na kwance bakin zanena na ce, "Kawu, bari in biya." Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai na yi masa magana da yaren da bai iya ba. Ya tayar da mota.

Na ji haushinsa a lokacin, har yau ma in na tuna fuskar Inna ina ji. Muna fita gari ruwa ya sauko. Can gaba muka ga wani ƙaramin coci da bishiyar mangwaro a harabarsa. Kawu ya tsaya a bakin hanya, ya cire hula ya tura a aljihu don kada ta jiƙe, ya shiga ruwan. Mutumin da ya fito masa shi ne wanda ya zo mana ta'aziyya da baƙin zane. Daga taga ina ganinsu suna magana har da hannu. Sai mutumin ya je da kansa ya janye itacen da aka tare ƙofa da shi. Matarsa ta kawo mana dafaffiyar doya da miyar ganyen gwaza. Da gari ya waye muka tarar da bokitin ruwa a gefen mota, ya ce ya san muna wanke hannu da ƙafa kafin mu yi salla. Kawu ya wuni yana gyara masa janareto. Tun daga shekarar bai sake wuce ƙauyen nan bai tsaya ba. Wofa mutumin ke ce masa, wato kawu da yarensu.

Da muka koma hanya ya ce mini, "Da kin biya, da ba mu san shi ba."

Inna ta ce daga baya, "Da ta biya, da gwiwata ta huta tun magariba."

Abin da ya yi mini kuwa sai daga baya na gane. Tun da muka bar Accra bai ce in yi haƙuri ba, bai kuma ambaci mijina ba. Da muka kusa Kintampo ya tsayar da mota a gefen hanya ya ce, "Yau ke za ki nemo mana wuri. Maƙogwarona na ciwo." Maƙogwaronsa lafiya lau, bai daɗe da gama yi wa wani mai babur faɗa ba. Na ce ban san kowa ba. Ya ce, "Ga mata can a rumfa. Ki gaishe su."

Na sauka ba da son raina ba, don na yi watanni ban buɗe baki na yi wa baƙo magana ba. Na yi sallama. Wata mai wanke tukunyar koko ta turo mini kujera da ƙafa, ta dubi idona ta ce, "Ke ma naki ya tafi ko?" Ban san lokacin da na fara ba ta labari ba. Ita ma nata ya rasu ya bar ta da ƙananan yara. Muka yi kuka, muka yi dariya, ta sa ni tace gasara, har na manta abin da ya kawo ni. Da na tuna na ce muna neman wurin ajiye mota, sai ta leƙa hanya ta ce, "Ai Alhaji ne. Tun yaushe yake neman izini a nan?"

Na koma mota na same shi yana gyangyaɗi, ko yana yin kamar yana yi. Da muka dawo Accra na buɗe shago.

Dole in zo kan abin da ya shiga tsakaninsa da Yaya, ko da yake ba na so.

Yaya ya tafi Amurka tun yana matashi. Ya sha wahala a can, ya yi wanke-wanke, ya yi tasi, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Yana son ubansa, amma daga nesa abin da mutum zai iya miƙawa kuɗi ne, Kawu kuma ba ya karɓa sai in an bi ta hannun Inna bai sani ba. Wata rana Yaya ya turo hotuna a wayata ya ce in nuna wa Baba. Can ma tsofaffi suna yawo da irin motarsa, manya, da banɗaki da firji a ciki, kuma akwai wurare na musamman da suke biya su tsaya a ba su ruwa da lantarki. Kawu ya kawo wayar kusa da ido ya daɗe yana kallo. Motocin sun burge shi, ya yi ta tambayar irin man da suke sha. Da na zo kan maganar biya sai ya miƙo mini wayar. "Mutum da gidansa a ƙarƙashinsa, kuma ya biya haya? Ba su da masallatai ne? Ba su da mutane?"

Shekarar da Yaya ya zo hutu da matarsa da yaransa, ya yi niyyar faranta wa iyayensa. A lokacin ciwon suga ya kama Inna, ga gwiwa, tsuguno ya zama mata azaba. Yaya ya samo wani wuri a bakin teku gaba da Winneba, inda Turawa masu yawo da mota ke sauka. Akwai katanga da mai gadi, da banɗaki na zama, da ruwan famfo. Ya biya wa motar Kawu wuri, ya kama wa iyalinsa ɗaki, bai faɗa wa uban ba. Ya dai ce masa za a je shan iska. Ni na bi su don in taya da yara.

Muna gaba a motar haya, Kawu da Inna na binmu. A bakin ƙofa mai gadi ya leƙa ya ce wa Kawu an riga an biya, ya shige. Kawu ya ja birki ya kashe mota a nan inda yake.

Yaya ya sauko ya je taga. "Baba, ku shigo mana."

"Biyan me aka yi?"

"Na wurin tsayawa ne. Ba wani abu ba ne, na riga na biya."

"Ka je su mayar maka."

"Ba sa mayarwa, Baba. Kuma ba don kai na yi ba, don Inna ne. Dubi ƙafarta."

"Duk shekarun da nake kula da ƙafarta kana ina?"

Yaya ya waiwaya. Yaransa sun manna fuska a gilashi suna kallo. Sannan ya ce, "Duk Nima ana cewa ɗanka yana Amurka, kai kana kwana a bakin titi kamar wanda ba shi da kowa."

"Ashe kunyarka ka zo wankewa," in ji Kawu. "To ba da ni ba."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya kamar ranar ba. Sai muka ji ƙofar gefe ta buɗe. Inna ta sauko a hankali da jakar sabulunta a hannu. Ba ta dubi ko ɗayansu ba, ta ce, "Ni dai yau da ruwan famfo zan yi wanka." Ta dafa kafaɗata muka shige.

Kawu ya juya mota ya gangara wajen masunta, ya samu ƙaramin masallacinsu na kwano ya tsaya. Da yamma na hango shi ta kan katanga, zaune a kan wani kwale-kwale da aka kife, yana taya wani tsoho ɗinkin komar kamun kifi. Shi kaɗai ya kwana a motar, karo na farko tun da aka buga gadon. Inna ta yi wankanta, ta kwanta a katifa mai laushi, amma abinci kaɗan ta ci, ta kuma yi ta aikena in leƙa ko ya rufe taga.

Ba su sake tayar da maganar ba. Ba za a ce gaba suke yi ba, don ana gaisawa a waya. "Lafiya lau, ga mahaifiyarka," shi ke nan. Bayan 'yan shekaru Inna ta rasu. Yaya bai taɓa furtawa ba, amma na san a ransa gani yake hanya ce ta cinye ta, Kawu kuma ya san haka yake gani. Daga nan ko wadda za a miƙa wa wayar babu. Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Yaya kuɗi ne da shi, uban ya ƙi karɓa. Shi kuma Kawu abin da ya tara a duniya hanya ce da mutanen da ke kanta, ya so ya nuna wa ɗansa, amma bai iya cewa zo ka bi ni ba, hutun Yaya kuma kullum gajere ne.

Bayan rasuwar Inna ido ya fara ba Kawu matsala. Ranar da ya kusa ture wani mai tura baro a Circle, ya dawo gida ya ajiye makulli a gaban mahaifiyata da kansa, ba wanda ya ce ya yi. Motar ta koma zama a wani fili a Maamobi, na wani abokinsa tun na ƙuruciya, inda take kwana kyauta tun da aka saye ta. Kullum bayan azahar Kawu zai taka har can da sanda, ya buɗe ƙofar gefe, ya zauna a bakin gado da rediyo, tsofaffi su taru a yi hira. Wani lokacin ya karɓi makullin ya tayar da injin, ya saurare shi kaɗan, ya kashe.

Sai abokin ya rasu. Magada suka sayar da filin, wanda ya saya ya kawo bulo da yashi, ya ba da wa'adi cikin mutunci. Wanda ya san Nima da Maamobi ya san ko akuya da ƙyar take samun wurin kwanciya. Muka shiga nema. Wani ɗan uwanmu a Malam ya yarda, mai gidan da yake haya ya hana. Liman ya so ya taimaka, amma harabar masallaci ta riga ta zama shaguna. Abin da ya rage wani gareji ne mai katanga da ake biya duk wata. Yaya ya kira ni ya ce in kama wurin, zai riƙa turowa, kada a faɗa wa Baba. Amma Kawu ba yaro ba ne, ya san babu garejin da ke ajiye mota don Allah a Accra. Ya ce mini, "Motar da ta kwana kyauta daga nan har Bawku, ba za ta zo garinta ta biya haya ba."

Na roƙe shi. Mahaifiyata ta yi kuka. Shi da kansa ya aika aka kira masu sayen tsohon ƙarfe daga Old Fadama. Ina wurin lokacin da suka zo. Kawu ya shiga ya kwance labulen Inna ya ninke su a hankali, ya ɗauki buta da akwatin kayan gyara, ya fito. Babbansu ya zagaya motar, ya bubbuga ta, ya faɗi kuɗin da shi kansa ya san ya yi kaɗan, ya tsaya jiran ciniki. Kawu, wanda yakan gajiyar da mai tumatir da ciniki, ya ce, "Na sayar." Mutumin ya dube ni kamar yana so in sa baki. Kafin su ɗaura mata igiya Kawu ya riga ya kama hanyar gida, bai waiwaya ba. Na bi bayansa da akwatin a kaina.

Daga ranar ya shiga ɗaki.

Ina ma filin ya ƙara ko shekara guda. Ina ma wani cikin samarinmu masu tuƙi ya ɗauke shi ya kai shi arewa ko sau ɗaya, yana gefe yana nuna hanya. An yi maganar, kowa da aikinsa, aka ce bayan salla, aka ce bayan damina. Waɗanda suka zo mana ta'aziyya a bakin direbobi suka ji rasuwar, kuma na tabbata akwai garuruwan da labari bai kai ba, inda har yanzu wani ke cewa bana Alhaji ya makara.

Ciwonsa bai daɗe ba. Hirarmu ta ƙarshe bayan la'asar ce, ina ba shi kunu da cokali. Ya sha kaɗan ya kau da kai. Can ya ce, "'Yar nan, yanzu a maƙabarta ma biya ake yi ko?"

Na ce, "Kawu, wace irin magana ce wannan."

"Tambayarki na yi."

Na ce ana biya.

"Da yawa?"

"Da dama."

Ya ja tsaki, irin wanda yake ja wa 'yan tasha. Na zaci zai ce a ɗauke shi a kai shi wani ƙauye inda ba a sayar da ƙasa. Amma sai ya ce, "To wannan kam ba yadda za a yi. Ki faɗa wa wancan na Amurka, shi zai biya. Kada kowa ya riga shi."

Na ajiye kofin na ce bari in kira shi yanzu ya ji da kunnensa. Ya ɗaga hannu. "Yana wurin aiki. Kada ki ɓata kati. Gobe."

Goben ta zo ba ya magana. Kafin azahar ya cika, aka binne shi a ranar. Yaya yana jin labari ya turo kuɗin komai ta hannun ƙanena, tun kafin in dawo cikin hayyacina. Na ɗauki waya in faɗa masa saƙon, sai na ga ba maganar waya ba ce, na ajiye.

Washegarin addu'a, bayan baƙi sun watse, na same shi da safe a ɗakin Kawu, zaune a ƙasa ya jingina da gado. Bai ɗago ba ya ce, "Kin san lokacin da nake tura kuɗin kabarin ɗar-ɗar nake yi? Gani nake ko wannan, da yana da baki, sai ya ce a mayar mini."

Na zauna kusa da shi na faɗa masa duk abin da Kawu ya ce, har da tsakin. Ya ce in sake faɗa. Na sake.

"Kada kowa ya riga ni?"

"Haka ya ce."

"Ya kira sunana?"

Na so in ce e. Na ce, "A'a. Wancan na Amurka ya ce."

Yaya ya yi dariya, dariya ta gaske, har ya dafa ƙasa. "Shi ne," in ji shi, "wallahi shi ne." Sannan dariyar ta juye, ya jawo hular uban daga kan gado ya rufe fuskarsa da ita. Na tashi na ja masa ƙofa.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya haɗa shi da Inna, ya yalwata masa inda ya sauka, ya sa masu wurin su yi murna da zuwansa. Amin.